Muhammadu al-Katsinawi: Malamin Lissafin da Ya Rasu a Baƙunci

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, wani malami mutumin ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan wani malamin Azhar mai suna Hasan al-Jabarti. Kafin ajali ya cim masa, ya naɗa mai gidan wasiyyinsa a kan abin da ya bari, har da littattafansa. Mai gidan ya yi masa sutura, ya kai shi maƙabartar da ake kira Bustanul Ulama, ya gina alama a kan kabarinsa, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Sunan wannan bawan Allah Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fullani al-Kashnawi as-Sudani, wanda a yau aka fi sani da al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da nahawu.

Tarihinsa ya shafe mu Hausawan Chadi ta fuska biyu. Ta farko, ɗaya daga cikin manyan malamansa mutumin Bagarmi ne, ƙasar da ke kudu maso gabas da Njamena. Ta biyu, shi kansa baƙo ne ya ƙare rayuwarsa, nesa da garin da aka binne cibiyarsa, cikin mutanen da harshen gidansu ba nasa ba ne. Duk wanda kakansa ya taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya ya kafa gida a Njamena ko Abeshe ko bakin Kogin Nilu, ya san irin wannan zama.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun ɗan mai masaukinsa, wato Abdurrahman al-Jabarti, marubucin tarihin Masar da ya wallafa Aja'ibul Asar. An haifi Abdurrahman fiye da shekara goma bayan rasuwar Malam Muhammadu, saboda haka bai taɓa ganinsa ba. Abin da ya gada shi ne labarin da ke bakin mahaifinsa da takardun da suka rage a gidansu. Da mai masaukin ya yi sakaci da amanar da aka bar masa, da sunayen malaman da za mu ambata a nan ba su iso gare mu ba.

Cikin nisbobin da al-Jabarti ya jera masa akwai ad-Danrankawi, wadda masana suka danganta da Ɗan Ranko, wani tsohon gari na malamai da fatake a ƙasar Katsina, a kan hanyar goro ta zuwa Gwanja. Katsinar da ya tashi a cikinta tana kan ganiyarta. Ayarin da ya keto Sahara ta Agadas nan yake sauke kaya, kuma tare da tufafi da gishiri akan zo da takarda da littattafai. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Marina sun riga sun bar wa garin suna a fagen karatu. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba ya rasa zauren da zai zauna.

Ya kamata mu tsaya a kan jerin sunayensa. Bafulatani ne ta asali, Bakatsine ta ƙasa, amma da ya isa Masar sai aka ƙara masa as-Sudani, wato mutumin ƙasar baƙar fata, sunan da Larabawa suke kiran duk yankin da ke kudu da Sahara. Haka abin yake har gobe. A Sudan akan haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a ce musu Fallata, a Hijaz kuwa a ce Takari. Masu jayayya a Facebook kan ko malamin nan na Hausawa ne ko na Fulani, sun ɗauko rigimar da mutanen Alƙahira ba su san da ita ba, shi ma bai bar mana alamar ta dame shi ba.

Al-Jabarti ya ambaci malamansa huɗu. Akwai Shehu Muhammadu Fodu, wanda ya lizimta kamar shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanya idan malamin ya yi tafiya. A wurinsa ya karanci sarfu da nahawu da littattafan adabi. Malamin ya fara yi masa laƙabi da mai Maƙama, saboda yadda ya haddace ta, daga baya da ya ga ya ƙware a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi. Akwai Shehu Hashimu. Akwai Shehu Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi da sanin lokuta da ilmin haruffa da hatimai, a bisa tsarin malaman Magrib. Sai kuma na Bagarmi, wanda masana suka gane shi ne Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu.

Wannan al-Wali ya rayu a kashi na biyu na ƙarni na 17, a wani ƙauye na Bagarmi mai suna Abgar. Shi ne ya mayar da sharhin da Fulani suke yi da baki a kan ƙaramin littafin tauhidi na Sanusi zuwa Larabci, ya sa masa suna al-Manhajul Farid, littafin da aka yi ta kwafa a ƙasar Hausa da Barno. Ya kuma yi rubutu yana kafa hujja a kan haramcin shan taba, a lokacin da malaman Masar da Sham suke muhawara a kan wannan mas'ala. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri cikin malaman wannan yanki. Malami ne na ƙauye, amma yana bin abin da ake tattaunawa a manyan biranen Musulunci, yana kuma sa baki. Ɗan Njamena da yake wucewa ta hanyar Masenya yana ganin daji da garken shanu, ya sani cewa ƙasar nan ta taɓa fitar da malamin da ya yaye ɗalibin da malaman Azhar suka zauna gabansa.

Me ya sa malamin addini zai ba da shekaru ga lissafi? Domin aikin yau da kullum yana buƙatarsa. Rabon gado ba ya yiwuwa sai da sanin rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, da yadda ake daidaita su idan kason magada ya zarce dukiyar. Ladan yana buƙatar sanin tsawon inuwa a kowane wata domin ya san shigar azahar da la'asar. Mai gina masallaci yana buƙatar alƙibla. Manomi yana zuwa wurin malam ya tambayi wane tauraro ake ciki cikin masaukai 28, domin ya san ko ruwan da ya sauka na shuka ne. Bafatake kuwa yana ƙirga wuri dubu-dubu. Lissafi a wancan zamani kayan aikin alƙali ne da limami da ɗan kasuwa.

Faɗin cewa ya yi karatu a bisa tsarin Magrib yana da ma'ana. Malamai suna ba kowane harafin Larabci lamba, kuma da wannan ne mawallafanmu suke sa ramzi a ƙarshen waƙa domin a san shekarar da aka yi ta. Amma lissafin Yamma da na Gabas sun saɓa a haruffa shida. A Katsina da Fas, harafin shinun 1000 ne, a Alƙahira kuwa 300. Sinun a wurinmu 300 ne, a wurinsu 60. Sadi a wurinmu 60 ne, a wurinsu 90. Ɗalibin da ya taso daga ƙasar Hausa ya isa Masar dole ya riƙe tsari biyu a kansa, ya san da wanne ake magana a kowane littafi. Yaranmu da suke koyon lissafi da Faransanci a makarantar gwamnati, ko da Larabci, su dawo gida su yi ciniki da Hausa, wasunsu kuma su tsallaka Najeriya ko Kamaru su ci gaba da Ingilishi, ba su ne farkon masu ɗaukar wannan kaya ba.

Abin da ya fi fito da sunansa a wannan zamani shi ne aikinsa a kan hatimi, wanda Larabawa suke kira wafƙi. Hatimi murabba'i ne da aka raba gida-gida, a zuba lambobi a ciki ta yadda jimillar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zo daidai. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ta ko'ina aka tara, 15 za a samu. Dalilin a fili yake. Idan aka haɗa lambobi daga 1 zuwa 9 za a sami 45, a raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. Haka mai gida 25: jimillar 1 zuwa 25 ita ce 325, a raba biyar, 65. Mai gida 49 kuwa 175. Sanin jimillar ba wuya. Wuyar ita ce samun ƙa'idar da za ta nuna wa kowace lamba gidanta ba tare da lalube ba, ko da gidajen sun kai 121.

Ga ɗaya daga cikin sanannun hanyoyi, domin mai karatu ya ɗanɗana irin tunanin. Tana aiki ne idan yawan layukan lamba ce da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 ko 5 ko 7. A sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, a hau gida ɗaya sama, a matsa gida ɗaya dama. Idan an fita ta sama, a shigo ta ƙasa. Idan an fita ta dama, a shigo ta hagu. Idan aka tarar gidan da mai shi, a sauko gidan da ke ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu. Wanda ya bi wannan a gida 25 zai sami haka:

17 24 1 8 15
23 5 7 14 16
4 6 13 20 22
10 12 19 21 3
11 18 25 2 9

Malam Muhammadu ya tattara hanyoyi da dama na gina irin waɗannan hatimai a littafinsa Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a 1145 ta Hijira, wato tsakanin 1732 da 1733. Ya yi bayanin kowace hanya daki-daki da misalai, ya kuma gargaɗi ɗalibi da kada ya yanke ƙauna idan lissafi ya ƙi fita, domin wannan fanni sai da naci.

A nan akwai gaskiyar da masu yaɗa labarinsa sukan tsallake. Malamin bai ɗauki hatimi wasan lambobi kawai ba. A wurinsa da mutanen zamaninsa, lambobi da haruffa da taurari suna da asirai, kuma babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, a kan ɗalasimai ne da taurari, ya gina shi a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi. Ya fara shi a Makka bayan hajjinsa na 1142, wato 1730, ya kammala shi a Masar a watan Rajab na 1146. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccin wannan fanni, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga baya ya yi kakkausar suka ga masu duba da ƙasa da taurari suna da'awar sanin gaibu. Ba sai mun ɓoye wannan ba kafin mu girmama malamin. Ƙa'idar da ke sa kowane layi ya ba da 65 gaskiya ce ko an sa hatimin a laya ko an rubuta shi a allon aji. A Turai ma Kepler, wanda ya gano yadda duniyoyi suke kewaya rana, ya rasu a 1630 yana mai lissafa wa manya taurarin haihuwarsu. Ilmin kimiyya a ko'ina ya fito ne a cakuɗe, aka yi ta tankaɗe shi a hankali.

A kan hanyarsa ta hajji ya ratsa masarautu da yawa, ya gana da sarakunansu da malamansu, inda ya sami mai abin koyarwa ya tsaya ya ɗauka. Bayan zaman Makka ya zo Alƙahira. Can ma ba daji ya faɗa ba. Tun wajen shekarun 1240, alhazan Kanem suka ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikiyya a Masar, suka riƙa aika mata da taimako, kamar yadda al-Maƙrizi ya rubuta. A Azhar kuma akwai ruwaƙai, wato sassan da aka keɓe wa ɗaliban kowace ƙasa, inda baƙo yake samun wurin kwana da rabon gurasa da shugaban da zai tsaya masa. Mutanen Barno suna da nasu. Shi kansa Hasan al-Jabarti jikan baƙi ne, domin kakanninsa daga yankin Zaila suka zo, a gaɓar Habasha, kuma gidansu ne yake riƙe da shugabancin ruwaƙin mutanen Jabarti. Jikan baƙi ne ya sauki baƙo, ya kuma zauna gabansa ya karanci ilmin hatimai.

Wani labari da Abdurrahman ya kawo ya nuna matsayin irin wannan ilmi a lokacin. Kamar shekara takwas bayan rasuwar Malam Muhammadu, Daular Usmaniyya ta turo wani gwamna Masar mai suna Ahmad Basha, mutum mai son lissafi da falaki. Ya zauna da manyan malaman Azhar, ya jawo zancen waɗannan fannoni, sai suka yi shiru. Ya nuna wa Shehun Azhar, Abdullahi ash-Shubrawi, mamakinsa, ganin irin sunan da Masar ta yi. Shehun ya amsa masa da cewa abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne fiƙihu da gwargwadon hisabin da rabon gado yake buƙata, cewa sauran fannonin farilla ce da wasu suke ɗauke wa wasu, kuma suna buƙatar kayan aiki da ƙwarewar hannu, alhali yawancin ɗaliban Azhar talakawa ne daga ƙauyuka. Sannan ya nuna masa Hasan al-Jabarti. Gwamnan ya yi karatu a wurinsa, har ya koyi zana agogon inuwa a kan dutsen marmara, aka kafa ɗaya a masallacin Azhar.

Amsar ash-Shubrawi tana nan da ranta. Ɗan talaka yana iya haddace littafi da fitilar aci-bal-bal, amma ba ya iya koyon haɗa magunguna ba tare da ɗakin gwaji ba, ko injiniyanci ba tare da kayan aiki ba. A unguwanninmu, yaro mai kaifin lissafi yakan ƙare a shagon mahaifinsa tun kafin ya gama sakandare, domin kasuwa tana biya yau, karatun likita kuwa sai bayan shekara bakwai ko fiye. Wanda ya daure ya gama, ya zama malamin lissafi ko kimiyya, yakan ji ana tambayarsa yaushe zai sami aiki na gaske. Al'ummar da take tsiraru a ƙasa, idan ba ta da likita da injiniya da malamin makaranta daga cikinta, kullum sai ta nemi mai yi mata magana a asibiti da ofis.

Bayan dogon lokaci, masu bincike suka sake waiwayar malamin. Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kan bayaninsa na ramzi a 1967. Wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo hatimansa a littafinta na 1973 a kan lissafin Afirka, bisa wani kwafin hannu da ke ajiye a Landan, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan ƙasashe da yawa. Yanzu kuma ya shigo wayoyinmu. Kowane ɗan lokaci sai a ga an yaɗa labarinsa a Facebook da WhatsApp, a yi ta tura alamar yabo, wani lokaci har da hoton wani dattijo mai rawani. Na'urar ɗaukar hoto ba ta bayyana ba sai 1839, kusan shekara ɗari bayan an binne shi. Cikin masu yabon, kaɗan ne suka taɓa ɗaukar alƙalami su cika gida 25.

Amma ba daidai ba ne a raina wannan sabon zaure. Abin da al-Wali yake jira wata da watanni ayari ya kawo masa, yau yana isa Abgar cikin daƙiƙa idan akwai sabis. Ɗalibarmu da take karatun magani a Alƙahira ko Khartum ko Zariya tana iya amsa tambayar ƙanwarta da ke shirin jarrabawar bakaloriya a Njamena a daren da aka yi ta. Abin da tarihin Malam Muhammadu ya nuna shi ne cewa saurin isar saƙo bai taɓa zama shi ne ginshiƙi ba. Abubuwa uku suka tsaya masa. Ya sami malamin da ya riƙe shi shekara huɗu, ya san shi har ya yi masa laƙabi. Ya sami mai masaukin da ya ba shi ɗaki da natsuwar yin rubutu a ƙasar da ba tasa ba. Ya kuma sami wanda ya adana takardunsa bayan ransa.

Duka ukun suna cikin ikonmu, kuma na biyun sana'ar kakanninmu ce. Zangon Hausawa a ko'ina, daga Salaga zuwa Mai Wurno, a kan mai masauki aka gina shi: mutumin da yake karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. An yi wa goro da shanu da alhazai wannan hidima ɗaruruwan shekaru. Ɗalibin kimiyya da ya zo birni daga ƙauye, ko ya tafi wata ƙasa, shi ma baƙo ne mai kaya, sai dai kayansa ba sa fita kasuwa da wuri. Ƙungiyar unguwa da take tara kuɗin biki da na jana'iza tana iya ɗaukar kuɗin rajistar yaro ɗaya a shekara. Malamin lissafi da yake cikin rukunin WhatsApp na dangi yana iya keɓe dare ɗaya a mako ga yaran gidan, ya bi su da sunayensu har su gama. Wanda kuma kakansa ya bar gafaka cike da takardu, ya fito da su daga inda gara take, ya nemi mai karanta su, ya ɗauki hoton kowane shafi.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu al-Katsinawi da malamansa, Ya saka wa mai masaukinsa da alheri, Ya sa a sami irinsu cikin zuriyarmu.